Shekara Guda da Linux Mint da LibreOffice a Shagon Buga Takardu a Sakkwato

Ina da ƙaramin shagon buga takardu a unguwar Mabera da ke cikin birnin Sakkwato, kuma yawancin masu zuwa wurina ɗalibai ne na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, sai 'yan kasuwa masu son a buga musu rasit ko yarjejeniyar haya, da iyaye masu neman katin ɗaurin aure. Kwamfutoci huɗu nake aiki da su, dukkansu na hannu ne, kuma wadda ta fi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma. Yanzu shekara guda ke nan da na ɗora wa uku daga ciki babbar manhajar Linux Mint, wadda ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, tare da LibreOffice, jerin manhajojin rubutu da lissafi, don haka na ga ya dace in rubuta abin da na gani, domin amfanin masu irin sana'ata, kuma domin in sauke nauyin godiyar da ke kaina ga mutanen da ban taɓa gani ba.

Abin da ya tura ni ga wannan sauyi shi ne filash. Duk mai shago irin nawa ya san cewa a rana guda filash ashirin na iya shiga kwamfutarsa, kowanne ya fito daga wata kwamfutar da ba a san lafiyarta ba, kuma bairas ba ya sallama kafin ya shigo. Bayan 'yan watanni sai na'ura ta yi nauyi, a kira mai gyara ya goge komai, ya sake ɗora manhajojin da ni da shi duk mun san ba a biya kuɗin lasisinsu ba, abin da ya daɗe yana damuna a zuci. Ana cikin haka kamfanin Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, ga shi Windows 11 yana buƙatar na'urori sababbi fiye da nawa. Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke yawan buga aikinsa a wurina shi ne ya ce in gwada Linux Mint kafin in shiga bashin sayen sababbin kwamfutoci.

Ɗorawar ba ta ba mu wahala ba. An sauke manhajar, wadda girmanta ya kusa gigabait 3, aka sa ta a filash, kuma abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ana iya tayar da kwamfuta daga filash ɗin a gwada komai ba tare da an taɓa abin da ke cikinta ba. Mun zaɓi Linux Mint 22 wanda ya fito a 2024 kuma za a ci gaba da kula da shi har 2029, muka ɗauki nau'insa na Xfce saboda shi ne mafi sauƙi ga tsohuwar na'ura. Masu yin sa sun ce ram, wato ma'ajiyar da kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa, mai gigabait 2 ya isa a fara, amma 4 ya fi daɗin aiki, kuma haka na tarar. Yaron shagona, wanda na yi zaton zai yi gardama, bai yi kwana uku ba ya saba, domin maɓallin buɗe manhajoji yana ƙasa ta hagu inda hannunsa ya riga ya san hanya.

Ranar da na tabbatar ban yi asara ba ita ce ranar da wata ɗaliba ta shigo da hantsi, idanunta sun yi ja, tana cewa furojet ɗinta na kammala karatu ya ɓace daga filash, ga shi washegari za ta miƙa. Irin bairas ɗin nan ne mai ɓoye manyan fayiloli ya bar inuwarsu kawai. Na ce mata, “Malama, ki zauna ki sha ruwa tukuna.” Da na sa filash ɗin a ɗaya daga cikin kwamfutocin Linux, sai ga babi biyar ɗinta a jere, ga kuma fayil ɗin bairas ɗin a gefe ba ya iya motsi, domin an rubuta shi ne don wata babbar manhaja daban. Na goge shi, na buga mata aikinta, ta fita tana ta sa albarka. Wannan ba ya nufin Linux ba ya kamuwa da komai, amma irin cututtukan da ke yawo a filash ɗin ɗalibanmu ba sa cin sa, kuma tun da na sauya ban sake kiran mai gyara saboda bairas ba. Haka nan idan aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi, LibreOffice kan dawo da mafi yawan abin da ake bugawa da zarar an kunna.

LibreOffice shi ne zuciyar aikina. Writer na buga rubutu, Calc na lissafi da jadawali, Impress na shirya abin da ɗalibi zai haska ranar kare furojet, kuma yana buɗe takardun Word yana ajiye su a tsarinsu. A nan akwai abin lura guda wanda duk mai son bin sawuna ya kamata ya sani. Idan aka kawo takardar da aka rubuta da salon haruffan da babu shi a kwamfutar, layuka kan gota, shafi 60 ya koma 62, jadawali ya tsallaka wani shafin. Maganinsa shi ne a tabbatar akwai salon haruffa na Liberation Serif, wanda faɗin haruffansa daidai yake da na Times New Roman, da Carlito wanda ya yi daidai da Calibri, sannan a riƙa mayar da aikin da aka gama zuwa PDF kafin a buga, abin da ake yi da danna maɓalli ɗaya. Tun da na kiyaye wannan, da wuya wani ya dawo da ƙorafin shafi.

Akwai inda ban samu yadda nake so ba. Masu zanen kati da kalanda a garin nan da CorelDRAW suka saba, shi kuwa ba a yi shi don Linux ba. Inkscape, manhajar zane da ke aiki a Linux, yana yin aikin zane sosai, amma sai mutum ya sake koyo, shi ya sa na bar kwamfuta ta huɗu yadda take saboda katunan aure. Firintocina biyu sun kama aiki da kansu ba tare da na nemi direba, wato manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta, ba, ta ukun kuwa, wata tsohuwa mai haɗe da sikana, ta cinye mini yini biyu, har sai da na tarar da wani bayani da wani bawan Allah ya rubuta a intanet shekaru da suka wuce, mataki bayan mataki, don kawai kada wani ya sha wahalar da ya sha.

A wajen rubutun Hausa kuwa na samu abin da ban zata ba. A cikin jerin tsare-tsaren kibod akwai na Hausar Najeriya, saboda haka ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da lanƙwasarsu, kuma salon haruffa irin su DejaVu da Noto suna ɗauke da su. Ga malamanmu masu kawo waƙoƙi da wasiƙu na ajami, na sauke Alkalami da Harmattan, salon haruffa biyu da ƙungiyar SIL ta fitar da buɗaɗɗen lasisi saboda ajamin wannan yanki namu na Afirka ta Yamma. Wani dattijon malami ya ɗaga takardar da na buga masa da Alkalami, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce kamar da tawada aka rubuta a allo.

Wani Alhaji ɗan kasuwa da nake buga wa takardun kaya shi ne ya yi mini tambayar da ta sa na shiga bincike. Da ya ji cewa ko sisi ban biya ba kuma ba sata na yi ba, sai ya gyara zama ya ce, “To Malam, su masu yin wanga abu, mi sunka samu ciki? Wa ka biyan su?” Na ce, “Alhaji, ka ba ni lokaci in nemo maka amsa.”

Abin da na gano shi ne tushen lamarin ya faro a 1983, lokacin da Richard Stallman a Amurka ya sanar da aikin GNU na gina babbar manhaja mai 'yanci, bisa ra'ayin cewa mai amfani da manhaja yana da haƙƙin ya yi aiki da ita yadda ya so, ya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Lasisin GPL da ya biyo baya ya ɗaure wannan da sharaɗi mai hikima, wato duk wanda ya gyara ya raba, dole ya bar wa na gaba irin 'yancin da ya tarar. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fitar da Linux, wanda a yau shi ne ƙashin bayan wayoyin Android da ke aljihunanmu. Ian Murdock ya kafa Debian, wata babbar manhaja da aka gina a kan Linux, a 1993, aikin da har yau 'yan sa kai ne ke tafiyar da shi. A kan Debian aka gina Ubuntu a 2004, a kan Ubuntu kuma Clément Lefebvre, ɗan Faransa, ya fara Linux Mint a 2006, kuma gudummawar masu amfani da shi na daga cikin abin da ke riƙe da shi. LibreOffice ya ɓalle daga OpenOffice a 2010, yana ƙarƙashin gidauniyar The Document Foundation mai mazauni a Jamus. Ke nan duk lokacin da yarona ya danna maɓallin bugawa, guminsu ne ke aiki, tsara bayan tsara, kowa ya ɗora tubalinsa a kan na wanda ya gabace shi.

Na koma na shaida wa Alhaji cewa abin ya fi kama da gayya, inda kowa ke zuwa da fartanyarsa, sai dai wannan gonar duk wanda ya ratsa yana da izinin ɗiba. Adalci ne in ƙara da cewa ba dukkansu ne ke aikin kyauta ba, domin kamfanoni irin su Intel da Red Hat da Google suna biyan injiniyoyi albashi su yi aiki a kan Linux, tun da su ma da shi suke cin abinci. Amma a bayan waɗannan akwai ɗimbin mutanen da ba a jin sunansu: mai fassara, mai gwada sabon fitowa ya kai rahoton kuskure, mai rubuta littafin koyarwa, mai zana haruffa, da mai riƙe da wata ƙaramar manhaja shi kaɗai bayan ya taso daga aikin da ke ciyar da iyalinsa. Wani daga cikinsu ne ya zauna wata rana ya sa tsarin Hausa a cikin kibod, ba tare da ya san akwai wani shago a Mabera ba.

Wannan tsari yana da rauninsa, kuma bitar da ta ɓoye shi ba ta cika ba. A watan Maris na 2024 aka gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa ta yi wa kwamfuta kutse a cikin xz, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da kusan kowane Linux ke amfani da ita. Mutum guda, Lasse Collin, shi ya daɗe yana ɗauke da ita ba tare da albashi ba, sai wani mai ɓoyayyen suna ya shafe kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amincewa, sannan ya dasa mugun abinsa. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya ƙi kawar da kai, ya bi diddigi har ya tono abin kafin ya kai ga yawancin jama'a. Labarin ya tsorata ni, domin ya nuna irin nauyin da duniya ta jibga wa mutane ƙalilan da suka gaji, ya kuma ƙara mini natsuwa, domin da asalin rubutun manhajar a rufe yake, da Freund bai samu abin dubawa ba.

Hukuncina shi ne, ga mai shagon buga takardu, da makarantar da ke da tsofaffin kwamfutoci a jibge suna shan ƙurar hunturu, da ofishin da aikinsa bai wuce rubutu da lissafi da intanet ba, Linux Mint da LibreOffice sun isa har da ragi. Mai zanen da abincinsa ke rataye da wata manhaja ta musamman ya fara gwadawa daga filash, kada ya yi gaggawar goge komai.

Giɓin da ya rage mini a ido na harshe ne. Idan na bar takarda a kan Ingilishi, jan layi kan bi kowace kalmar Hausa, idan kuma na zaɓi Hausa a jerin harsuna, layin ya ɓace amma babu ƙamus ɗin da zai kama mini kuskure. Ba zan ɗora wa kowa laifin wannan ba, domin ƙofar fassara da ta haɗa ƙamus a buɗe take, kuma 'yan uwanmu da ke rubuta Wikipedia ta Hausa sun riga sun nuna cewa Bahaushe na iya irin wannan aikin sa kai. Ni da ɗalibin da ya kawo mini shawarar mun fara tara kalmomi daga takardun Hausar da nake bugawa, muna tacewa duk ranar Asabar bayan la'asar idan shago ya yi sauƙi. Alhaji, da ya ji abin da muke ciki, ya ce kuɗin man janareta na wannan zaman a kansa yake.