Ra'ayina kan email-validator na Python

Da email-validator, wani kunshin manhaja na harshen kwamfuta Python, nake tantance adireshin imel a sabar wani shago da nake kula wa da shafin rajista, kuma gaskiya ya rage mini wahala sosai.

Abin da ya fi burge ni shi ne duba DNS, wato kundin sunayen yankunan intanet irin su gmail.com. Mutum ya rubuta gmail.con a waya cikin sauri, regex, wato tsarin da ke duba siffar rubutu kawai, zai bar shi ya wuce tunda siffar adireshin daidai take. Shi kuwa email-validator sai ya nemi bayanan MX na yankin, masu nuna kwamfutar da ke karɓar imel ɗinsa, in babu inda wasiƙa za ta sauka ya jefo kuskuren EmailNotValidError da bayani mai fahimta. Yana kuma dawo da adireshin a daidaitacciyar siffa, ita nake ajiyewa a rumbun bayanai.

Sai dai duba DNS na cin lokaci. A shafin shiga ina sa check_deliverability=False don kashe duban, a rajista kaɗai nake barin sa. Saƙonnin kuskurensa da Turanci suke, dole na rubuta na Hausa da kaina.

Ba ya sanin ko akwatin mutumin na nan. Wannan kam sai an tura wasiƙar tabbatarwa mai adireshin ya danna.