Akwatin wuri da katantanwa a cikin kayan lefe

A wata rumfar kayan koli da ke kasuwar Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis, akwai wani dattijo mai sayar da ƙananan akwatunan katako masu murfin gilashi, waɗanda aka jera wuri da katantanwar teku a cikinsu har suka ba da siffar fure ko ta zuciya. Samari masu haɗa lefe ne suka fi tsayawa wurinsa, kuma a ganina sun yi dabara, domin atamfa takan koɗe, turare ya ƙare, amma wannan yana nan a jeren ɗaki shekara da shekaru.

Sana'ar ta yi suna ne a tsibirin Barbados da ke yankin Karibiyan a ƙarni na 19, inda mutanen wurin suke shirya akwatuna masu kusurwa takwas, matuƙan jiragen ruwa na Ingila da Amurka suna saye su kai wa matansu tsaraba bayan doguwar tafiya. Na wancan zamani yanzu sai a gidajen tarihi da wuraren gwanjo. Na dattijon sabon aiki ne, kuma bai ɓoye hakan ba, abin da ya ƙara masa ƙima a idona.

Wurin kuɗin da aka jera a ciki ne ya sa aikin ya zama namu. Daga tsibiran Maldibis da ke Tekun Indiya fatake suka riƙa kawo shi, kuma lokacin da Bajamushe mai yawon bincike Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Da shi kakanninmu suka biya sadaki, saboda haka ba baƙo ba ne a harkar aure.

Akwatin da na duba da kyau an jera wurinsa baki sama, an zagaye shi da ƙananan katantanwa masu ruwan hoda, ba guda ɗaya da ta kauce wa layi. Aibinsa biyu ne: gam ya ɗan tsattsafo a gefe, kuma murfin ba ya kamawa sosai, alhali ƙurar hunturu ba ta barin kafa. Mai saye ya kuma ɗaga ya ji nauyi, domin akwai wurin roba a kasuwa.

A wasu gidajen karkara ana danganta wuri da masu duba da 'yan bori, don haka ya kamata ango ya sanar da gwaggon amarya manufar kyautar kafin ranar da za a buɗe lefe a gaban dangi.