Safar hannu mai kare yankan wuƙa: abin da na gani bayan na gwada

Na sayi wannan safar ne bayan Babbar Sallar bara, lokacin da wuƙar fiɗa ta zame daga fatar rago ta sauka a gindin babban yatsana na hagu, har sai da aka yi mini ɗinki biyar da allurar rigakafin tetanus. Allah ya kiyaye ba ta kai ga jijiya ba, amma na yi kusan wata guda ko buta ba na iya riƙewa da hannun.

Safar tana ɗauke da tambarin EN 388, ma'aunin Turai wanda yake nuna juriyar yanka da haruffa daga A (mafi ƙarancin juriya) zuwa F (mafi yawan juriya), tawa kuwa D ce. Na goga mata kaifin wuƙar da na wasa, zaren bai tsinke ba, kuma na ji daɗin yadda take barin yatsu su motsa.

Sai dai ba ta tare tsinin wuƙa, domin yana ratsa saƙar, sannan idan ta sha kitse santsi take yi, dole a wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu. A hannun da yake riƙe nama nake sa ta.