Khanmigo: Malamin da Ba Ya Ba da Amsa Kai Tsaye

Khanmigo manhajar koyarwa ce da cibiyar Khan Academy ta Amurka ta ƙaddamar a watan Maris na 2023, bisa fasahar GPT-4 ta kamfanin OpenAI. Cibiyar, wadda Sal Khan ya kafa a 2008 ba don neman riba ba, ta daɗe da yin suna wajen darussan bidiyo da atisayen lissafi na kyauta. Abin da ta ƙaro a nan shi ne malami na ƙirƙirarriyar basira, wanda ke ganin tambayar da ke gaban ɗalibi, ya kuma tattauna da shi a kanta.

Babban abin yabo shi ne yadda aka tsara manhajar ta ƙi faɗin amsa. Idan ɗalibi ya kawo 3x + 5 = 20 ya nemi a gaya masa x, sai ta tambaye shi ta ina yake ganin ya kamata a fara. Idan ya raba da uku amma ya manta cewa rabon ya shafi biyar ɗin ma, ba za ta gyara masa nan take ba, za ta nemi ya bayyana yadda ya yi, har ya gano da kansa inda ya kauce. A nan ne koyarwar ke dacewa da kowane yaro, domin ɗalibai biyu kan faɗi tambaya guda alhali dalilan faɗuwarsu sun bambanta, kuma malamin da ke gaban cunkoson aji ba shi da lokacin bin kowannensu.

Khan yakan kafa hujja da binciken masanin ilimi Benjamin Bloom na 1984, wanda ya nuna cewa matsakaicin ɗalibin da aka koyar shi kaɗai yakan zarce kusan kashi 98 cikin ɗari na takwarorinsa na aji. Sai dai malaman da suka koyar a binciken Bloom mutane ne masu ganin fuska, su gane gajiya da kunya. Khanmigo kuwa ba ta san komai game da tunanin yaro ba sai abin da ya rubuta, saboda haka wanda ya tsaya kan "ban sani ba" kaɗan zai amfana, kuma a ganina irin wannan yaron ne ya fi kowa bukatar taimako.

Akwai kuma batun kuskuren lissafi da manhajar kanta ta riƙa yi, wanda jaridar Wall Street Journal ta bayar da rahotonsa a 2024. Daga baya cibiyar ta sa manhajar tana amfani da kalkuleta. Ta fuskar tarbiyya an yi abin kirki, tunda iyaye da malamai suna iya duba hirar da yaro ya yi.

Kuɗin da aka sanya wa iyaye da ɗalibai a Amurka a 2024 dala 4 ne a wata ko dala 44 a shekara, yayin da kayan aikin malamai suka zama kyauta a 2024 da tallafin Microsoft. Farashin ba shi da tsada idan aka kwatanta da ɗaukar malamin gida, amma manhajar tana bukatar intanet mai ɗorewa da ɗalibin da zai iya bayyana tunaninsa a rubuce. Ga mai shirin jarrabawar WAEC a Kano ko Zariya, atisayen kyauta na Khan Academy ne ya fi kusa da hannu a yanzu.