Kwana 19 a wani asibitin Katolika: abin da na yaba da abin da ya dame ni

Mahaifina ya yi kwana 19 a wani asibitin cocin Katolika bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, kuma ni ce na yi jinyarsa tun ranar da aka ba shi gado har ranar da aka sallame mu. Mu ba mabiya ɗariƙar ba ne, likitan da ya fara duba shi ne ya tura mu can saboda ingancin sashensu na gashin ƙashi. Na shiga da tambaya a raina, ko gicciyen da ke rataye a bangon kowane ɗaki yana da tasiri a kan yadda ake kula da majinyaci, ko kuwa abin da aka gada ne kawai aka bari a bango.

Amsar farko na same ta a hannun ma'aikatan jinya. Baba ba ya iya magana a makon farko, amma babu wadda ta taɓa yaye masa mayafi ba tare da ta gaishe shi ta faɗa masa abin da za ta yi ba. Duk bayan awa biyu ana juya shi, dare da rana, kuma har muka fita ko ƙurji bai fito masa a baya ba, abin da duk wanda ya taɓa jinyar mai doguwar kwanciya ya san ba ƙaramin aiki ba ne. A kwana na biyu Fada, wato limamin cocin mai zagayen ɗakuna, ya shigo, ya russuna ya ce, "Sannu Baba, Allah ya ba da lafiya," sannan ya tambaye ni ko muna son a kira mana malamin addininmu. Bai yi mana wa'azi ba, kuma bai fasa leƙowa kullum ba.

Wannan ɗabi'a tana da tushe mai nisa. Tun 1633 Vincent de Paul da Louise de Marillac suka kafa a Faransa ƙungiyar sistoci, wato matan da suka sadaukar da rayuwarsu ga hidimar coci, masu bin matalauta gida-gida suna jinyarsu, kuma asibitin Saint Marys na birnin Rochester a Amurka, wanda shaharar cibiyar lafiya ta Mayo Clinic ta ginu tare da shi, sistoci ne suka buɗe shi a 1889. A yau cocin yana da asibitoci fiye da 5,000 a duniya, kuma a Amurka kusan majinyaci ɗaya cikin bakwai a asibitin Katolika ake kwantar da shi. Mai irin wannan girma dole a auna shi da ma'auni mai tsauri.

Inda na fi ganin amfanin aƙidarsu shi ne daren da numfashin Baba ya yi rauni. Likitar ta zaunar da mu ta yi bayani dalla-dalla cewa a asibitin ba a gaggauta mutuwar kowa ko da iyalinsa sun nema, amma kuma ba a tilasta wa iyali su riƙe mutum a kan na'urar numfashi idan ta zama wahala marar amfani, bambancin da Fafaroma Pius na 12 ya fayyace wa likitoci tun 1957. Allah ya sa ba mu kai ga wannan shawara ba, sai dai sanin cewa ba za a yi watsi da tsoho saboda shekarunsa ba, kuma ba za a azabtar da shi da sunan magani ba, ya kwantar mini da hankali.

Abin da ya dame ni ya fara ne daga ofishin biyan kuɗi, inda ban ga bambanci ko kaɗan da kowane asibitin kuɗi ba. Sistoci biyu kacal na gani a duk zamana, dukansu dattijai, ragamar kuwa tana hannun manajoji, kamar yadda ta koma a asibitocin Katolika da dama tun da yawan sistoci ya ragu. Ashe akwai asusun tallafa wa marasa ƙarfi, amma babu ma'aikacin da ya ambata shi, sai daga bakin wata mai jinya na ji a kwana na 12, bayan na ga wasu sun ɗauke majinyacinsu kafin ya warware. Asibitin da aka kafa domin talaka bai kamata ya bar talaka yana laluben ƙofar taimako ba.

Na biyu shi ne rashin bayani tun da wuri a kan ayyukan da ba su yi. Koyarwar cocin, wadda Fafaroma Paul na 6 ya jaddada a 1968, ta hana magungunan hana ɗaukar ciki da ɗaure mahaifa, haka kuma ba a zubar da ciki ko haɗa ƙwan haihuwa a wajen mahaifa. Ina ganin suna da haƙƙin tsayawa a kan aƙidarsu. Sai dai na haɗu da wata mata a baranda wadda ta so a ɗaure mata mahaifa yayin tiyatar haihuwarta ta biyar, ba ta san ba za a yi ba sai ana saura kwana kaɗan, alhali tun awon farko ya kamata a gaya mata domin ta zaɓi inda za ta haihu.

Ga mai tsoho da ke buƙatar doguwar jinya, zan ba shi shawarar wannan asibiti ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya nemi jami'in walwalar majinyata tun ranar farko, ya kuma tambayi jerin abin da ba a yi a can. Har yanzu muna komawa gashi sau biyu a mako, kuma Baba ya fara riƙe kofi da hannun da ya shanye.