Fim ɗin tashin duniya: a gidan kallo ko a waya?

Don't Look Up, wanda Netflix ta saki a Disambar 2021, labarin masana taurari biyu ne da suka hango tauraruwa mai wutsiya za ta daki duniya nan da wata shida, shugabar Amurka kuwa zaɓe ne a gabanta. Inda ka kalle shi yana sauya abin da za ka gani.

A gidan kallo a Bauchi Road da ke Jos, dariya ke cin kasuwa. Da zarar shugabar ta ce a dakata tukuna, wani zai ɗaga murya daga bencin baya: "Wallahi irin namu ne!" Sai wuri ya kaure, kowa na kawo sunan ɗan siyasar da ya tuna. Akwai daɗi, amma surutu yana cinye maganar masanan, ita ce kuwa zuciyar fim ɗin. Wani dattijo ma tashi zai yi, ya ce tashin alƙiyama ba abin wasa ba ne, sanin ranarta sai Allah. Ban ga laifinsa ba.

A waya kai kaɗai, sai ka sayi data, dariyar kuma ba ta daɗewa. Mutumin unguwar Rikkos ko Gangare a Jos da ya ga ambaliyar Yulin 2012, lokacin da ruwa ya ɓalle daga madatsar Lamingo ya ci rayuka da gidaje, jikinsa zai yi sanyi tun kafin a kai rabi.

Ni waya zan zaɓa a kallon farko. Gidan kallo sai a na biyu, don muhawarar da ake tafkawa a teburin mai shayi bayan an tashi.