Shagon sola na Sabon Gari: aikin ya yi, amma kar a sa rai da tallafi

Masu ta tambayata wa ya haɗa mana sola a gida, wani shago ne a Sabon Gari ta wajen PZ, ba zan kama suna ba tunda akwai yabo akwai kuma ƙorafi.

Abin da ya sa na yarda da su, mai shagon bai fara da tallar fanel ba. Yaronsa ya turo da ɗan littafi, ya bi ɗaki ɗaki yana rubuta duk abin da ke shan wuta, da na koma sai mai shagon ya ce "Malam, rage kaya tukuna, in ba haka ba batir zai cinye maka kuɗi a banza." Kuma gaskiyarsa, tsohuwar fankar silin ɗin nan tana jan wat 70 ko fiye, ta DC, wato mai aiki da irin wutar batir, ko rabin haka ba ta kaiwa, ƙwan nan mai zafi na wat 60 kuwa LED na wat 9 ya ishe shi haske. Da muka canza su sai lissafin inbata da batir ya sauko sosai. Dutsen guga da hita ya ce a bar su a layin NEPA kar a ɗora wa sola. Har silin ya sa aka leƙa, ya ce a buɗe wa iska hanya tsakaninsa da kwano, don ɗakin kwano a watan Afrilu kamar tanda yake, fanka iskar zafi kawai take juyawa. Mutanen cikin birni masu tsohon soro ba su san wannan wahalar ba.

Sai maganar tallafi, don na ga ana ta yawo da ita a WhatsApp wai gwamnati na mayar wa mutum kuɗinsa in ya sa sola. Na tambaye shi, ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa cike wa kowa irin wannan fom ba, kuma na ji daɗi da bai yi min ƙarya don ya sayar ba. A waje ne ake irin haka. Amurka ta yi doka a 2022 da ta riƙa cire wa mai gida kashi 30 cikin 100 na kuɗin sola daga harajinsa har zuwa ƙarshen 2025, Kanada kuma a 2021 ta fara biyan har dalarsu 5,000 ga wanda ya gyara gida ya rage shan makamashi, bayan an zo an auna gidan kafin aiki da bayansa, amma a 2024 ta daina karɓar sababbin masu nema. Mu nan abin da ke akwai daban ne, CREDICORP, kamfanin gwamnatin tarayya da aka kafa a 2024, bashi take samarwa, za ka biya, dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da ita a Disamba 2023 kuma ta hannun hukumar REA mai kula da wutar karkara take bi zuwa kamfanoni, ba asusunka za ta faɗo ba. Ga shi tun Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, janareta ya fi ƙarfin talaka, 'yan Band A, wato rukunin da ya fi samun wutar NEPA, kuma aka kai musu yunit naira 225 a Afrilu 2024. Aljihunka ne kawai.

Inda suka ɓata min rai: alƙawarin lokaci babu, a ce da safe sai bayan la'asar. Yaran sun bar ramin ƙusa a kwano, ruwan farko ya ɗiga a tsakar ɗaki, sun zo sun toshe kyauta amma sai da na yi ta kira. Ba wanda ya gaya min ƙurar hunturu tana rage ƙarfin fanel, maƙwabcina ne ya ce a riƙa wankewa da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Garanti ma da baki suka so bayarwa, sai da na kafe.

Duk da haka waya sun ja ta tsaf cikin bututu, inbata ba ta kuka, firij na kwana a kunne. In za ku je, ku sa a rubuta lambar batir da shekarun garanti a jikin rasit kafin ku tura kuɗi.